Wanda Ke Kwance a Bayan Mota

Damagaram, ranar Alhamis bayan la'asar.

Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ka lafiya, Ya kai ka inda za ka lami lafiya, Ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin hanya, Ya haɗa ka da abokan aiki masu tsoronSa. Na san za ka yi mamakin wasiƙa daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taka. Bakina ne ya gaza. Sau uku ina kiran ka zaure tun da takardar aikinka ta fito, sau uku muna ƙarewa a hirar taya da man inji, ka tashi ka tafi ban ce komai ba. In ka ga rubutun yana hawa yana gangarowa ka yi haƙuri, hannun bai gama dawowa ba.

Jibi Asabar za ka tafi gabas ka kama tuƙin ambulans a asibitin ƙauye, inda mara lafiya sai ya sha rabin yini a jar hanya kafin ya ga babban likita. Na yi murna, Allah shaida ne. Aikin lada ne, ya fi dillancin motar da na ƙare rayuwata a ciki nesa ba kusa ba. Amma ranar da ka kawo labarin ka faɗi wata magana da ta hana ni sakat. Ka ce yanzu kai ma za ka riƙa yin irin abin da na yi ranar da na ɗauko uwarka daga ƙauyensu na bayan garin Dogo, ka ce tunda akwai jiniya a kan motar babu jandarman da zai ɗaga maka hannu. Kana faɗa idonka yana ƙyalli. Na san ƙyallin nan, na shekara talatin ina ganin sa a madubin mota. Uwarka tana zuba mana miya a lokacin, ta ajiye ludayi ta shige ɗaki, kai ba ka ma lura ba. Da ka fita ta same ni ta ce: "Ko ka gaya masa, ko ni in gaya masa." Tun da aka ɗaura mana aure ba ta taɓa sa ni a tsakiya irin haka ba.

To, labarin Dogo da ka tashi kana ji a bakin mutanen gari ba haka yake ba. Mutane za a riƙa kwantarwa a bayanka, Abba, masu naƙuda da waɗanda maciji ya sara da tsofaffin da numfashi ke yi wa gardama, kuma ina tsoron ka tuƙa su da wannan labarin a kanka. Zan gaya maka yadda aka yi. Sai dai ka bar ni in faro daga nesa, don ba a rana ɗaya na zama mutumin da ya yi abin da ya yi ba.

Kakanka da aka sa maka sunansa baduku ne a unguwar Birni. Yana ɗinka tumtum da jakunkuna da takalman da in mutum ya saya sai ya gaji da su don kansa. Ni ya so ya bar wa basilla da zare. Ina da shekara goma sha biyar motocin tseren Turawa masu ratsa sahara suka biyo ta ƙasarmu, muka tsere daga lakwal, makarantarmu ta boko, muka yi layi a bakin hanya. Motoci ne da aka cika jikinsu da rubutu da lambobi, kafin ka gan su ƙararsu ta riga ta shiga ƙirjinka. Ɗaya ta wuce ta gabana, ban ga fuskar mai tuƙin ba, amma na ga yadda gari guda ya juya wuya yana bin ta da kallo, har da liman. Daga ranar zaman rumfar kakanka ya zame mini kurkuku. Na koma tasha na koyi tuƙi, na bar tsoho da fatunsa ba tare da na zauna gabansa na nemi izni yadda ya kamata ba. Bai zage ni ba. Ya ce kawai shi bai san sana'ar da ake yi don a ba mutane kallo ba, in ba wasan kura ba.

Na ɗauki maganar a matsayin ta tsohon da bai san zamani ba, ashe ya gano ni sarai. Na daɗe ina cewa inji nake so, alhali juyin wuyan nan nake so. Kai ma ka binciki kanka a kan wannan. Duk ranar da hannunka ya kai kan maɓallin jiniya, ka tambayi zuciyarka don wa za ka kunna ta. In akwai amalanken shanu a gabanka da mai jini a bayanka, kunna. In kuwa kasuwa ce kawai ke ci a bakin hanya da ƴanmata masu tallan gyaɗa, ka bar ta ta huta.

Da na ɗan samu abin hannu sai na shiga sayo motocin da Turawa suka gaji da su daga tashar jirgin ruwa ta Kwatano. Mu kan tafi mu biyar ko shida, kowa ya tuƙo tasa zuwa gida. Tafiyar da mai hankali zai yi a kwana huɗu, mu sai mu mai da ita gasa, wanda ya riga shiga Damagaram sauran su saya masa balangu. Motar da ta sha sanyi duk rayuwarta sai mu ɗora ta a kan gudron, wato kwalta, mai zafi mu taka ta har allura ta kwanta. Mu iso, a wanke, a shafa mata mai ta yi ƙyalli, a jera a fili. Mai saye ya zo in dafa ta in ce masa wata tsohuwa ce ke zuwa kasuwa da ita a can Turai, ba ta taɓa sanin wahala ba. Duk dillalin garin nan tsohuwar nan yake sayarwa, ban san mota nawa baiwar Allah ta mallaka ba.

Akwai wani malamin lakwal, mutumin kirki, da ya daɗe yana tara kuɗi don ya samu abin kai mahaifiyarsa ganin gida. Na sayar masa da wadda na ci gasa da ita a makon, ina sane inji ya yi zafi sau biyu a hanya. Ba ta yi wata ɗaya ba ta mutu masa, mutuwar da ba tashi. Na shirya rantsuwata ina jiran ya zo da faɗa. Bai zo ba. Shekara da shekaru muna haɗuwa a masallacin Juma'a, shi a ƙasa ni a mota, ya riga ni sallama, ya tambayi iyali. Wallahi da ya kwaɗa mini mari da ya fi mini sauƙi. Ya rasu ban nemi gafararsa ba, kullum ina cewa sai Juma'a mai zuwa.

Motar da za a damƙa maka ba taka ba ce, ba ta gwamnati ba ce ma in ka duba da kyau. Ta matar da ba ta fara naƙuda ba ce tukuna. In ka kashe mata taya wajen nuna wa abokai gwaninta ranar da babu mara lafiya, ita ka cuta, kuma ba za ta taɓa sanin sunanka ba balle ta yafe maka. In kuma ka yi wa wani ba daidai ba, ka je ka same shi a ranar, kar ka jira Juma'a.

Gasar hanya ba ta ishe ni ba. Muka haɗa ƙungiya, mu dillalai da ƴaƴan ƴan kasuwa da wasu ma'aikata biyu, duk Lahadi bayan an kawar da amfanin gona sai mu tafi wata jar hanya da ke bayan Hamdara mu yi tsere. Babu abin da ake ci sai suna, wani lokaci rago. A can aka laƙaba mini Sani Ba-Birki, sunan da har yau tsofaffin tasha ke kira na da shi, ni kuma a da in na ji sai kaina ya kumbura. Abokina Kyari makanike, Allah Ya jiƙansa, shi ya haɗa mini motar tseren. Wata mai dogon baya ce, ya cire kujerun baya gaba ɗaya don ta yi sauƙi, ya bar ƙarfe tsirara, ya ɗaure ƙafafunta suka yi tauri don kar ta yi lilo a kwana. Kujerata kaɗai ya yi wa gata, ya sa mata soso mai kauri da ɗamara.

A wannan hanyar na koyi abin da na fi alfahari da shi. Ka san eskaliye, ƙananan kunyoyin nan da ke tasowa a jar hanya kamar an yi huɗar gyaɗa a kanta. Mai tsoro yana bin su a hankali, motar ta yi ta karkarwa har haƙoransa su haɗu. Ni na gano in ka taka sosai, tayoyin ba sa samun lokacin faɗawa tsakaninsu, sai ka ji kamar kana kan tabarma. Na mai da wannan karatu, ina koya wa duk wanda ya zauna kusa da ni. Kyari ya taɓa ce mini tabarmar nan a kujerar gaba kawai ake shimfiɗa ta, in ban yarda ba in zauna a baya ya ja ni. Na ce masa ni ban san hanyar bayan mota ba, kuma ba ni da niyyar koyo. Aka yi dariya, ni na fi kowa.

Yanzu ga Dogo. Kana da shekara uku, uwarka tana da cikin wata takwas, ta tafi ƙauyensu bikin ƙanenta, ta bar ka wajen kakarka. Ranar Lahadi ce da hantsi, ina garejin Kyari muna shirin fita tsere, sai ga wani ɗan'uwanta a kan babur ya ce jini ya ɓalle mata tun safe, ungozomar ƙauye ta ce abin ya fi ƙarfinta. A filina a ranar akwai motoci bakwai. Akwai wata babba mai laushi da kujerun baya kamar gado, da mai a cikinta, tana ma ajiye a garejin. Kyari ya miƙo mini makullinta da hannunsa. Na ture, na ce wannan kafin ta kai Dogo rana ta faɗi, na shiga ta tseren. Ya biyo ni har bakin titi yana cewa babu kujera, babu kujera, ni kuwa na riga na ba ta wuta.

Na isa, mata suka fito da ita a cikin zane. Da suka buɗe bayan motar suka ga ƙarfe, suka tsaya suna kallon juna. Aka ɗauko wata ƴar katifa aka shimfiɗa, gwaggonta Hajara ta shiga ta zauna a kan ƙarfen ta ɗora kan uwarka a cinyarta. Ni ina tsaye ina ce musu su yi sauri. Kafin in tayar da inji na duba agogo. Na gaya wa kaina don in san abin da zan faɗa wa likita ne.

Daga ƙauyen zuwa gudron eskaliye ne zalla. Na taka yadda na saba. Ba mu yi nisa ba na ji muryarta, ƙasa-ƙasa: "Baban Abba, a hankali." Na amsa mata ba tare da na waiwaya ba, na ce in na rage za ta fi jin jijjiga, ta bar ni da aikina. Kuma har zuciyata na yarda da abin da na faɗa, don ni a kujerata tabarma nake ji. Can gaba akwai radiye, gangaren sumuntin nan da ake yi inda ƙorama ke ƙetare hanya. Na san shi, na san mai hankali yana sauka ne ya lallaɓa ya hau. Na kuma san in ka zo da ƙarfi motar kan tsallake rabinsa. Muna dosarsa ta sake cewa a hankali. Na ji ta, Abba. Ban rage ba. Motar ta tashi ta dira, na ji ƙarar abu ya bugi ƙarfe, na ji Gwaggo Hajara ta saki salati. Bayan nan babu wanda ya ƙara magana a baya, ni kuma na ɗauki shirun a matsayin an samu sauƙi. Da muka hau gudron har wata babbar mota na wuce a kan kwana, na ji daɗin yadda na wuce ta.

Muka shiga ƙofar gidan haihuwa na tsaya. Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Kyari. Kafin in buɗe ƙofa, kafin in waiwaya in ga ko uwarka tana numfashi, agogo na duba. Na ga ban taɓa yin wannan hanyar a ƙanƙanin lokaci irin na ranar ba, kuma wani daɗi ya ratsa ni tun daga ƙafa har ka. Bai fi ƙiftawar ido ba, amma ya zo, kuma na san shi, irin na tseren ranar Lahadi ne. Sannan na zagaya na buɗe baya na ga katifar ta zame gefe, uwarka a kan ƙarfe, zanen gwaggo ya jiƙe sharkaf.

Mace ce aka ciro, ba ta zo da rai ba. Ƙanwarka ke nan da ake ce maka ta koma. Uwarka ta kwana huɗu ba ta san inda take ba, aka yi mata aiki, daga nan haihuwa ta tsaya mata. Wata ma'aikaciya ta ce mini da mun ƙara jinkiri da ita ma ba a same ta ba. Wannan maganar na riƙe da hannu biyu. Ban tambaye ta ko dirar da muka yi a radiye ta ƙara wani abu ba. Ban tambayi kowane likita ba har yau, don ina tsoron amsar. Wataƙila yarinyar ta riga ta tafi tun a ƙauye. Wataƙila da na ɗauki babbar motar da mun iso da su biyun, ko da mun rasa su biyun. Allah kaɗai Ya sani, rai da ajali nasa ne, ban yi jayayya da wannan ba. Abin da ke hana ni barci shi ne na san abin da ke raina a kan hanyar nan, kuma ba uwarka ce kaɗai a ciki ba.

Kafin a sallame ta labari ya gama gari. A tasha, a kasuwa, a wajen zaman makoki, ana cewa gudun Sani Ba-Birki ya yi rana, ya ƙwato matarsa daga bakin kabari. Masu yi mini faɗa a da suka dawo suna sa mini albarka. Ni kuma na karɓa. Na gyara zama na riƙa ba da labarin da bakina, ina ƙara masa gishiri, har da yadda na tsallake radiye. Gwaggo Hajara ba ta ƙara amsa gaisuwata da fiye da kalma ɗaya ba har ta bar duniya. Uwarka kuwa ba ta ce uffan ba. Abu ɗaya ta yi, ba ta sake shiga motar da nake tuƙi ba. Kana yaro kana tambaya me ya sa Inna ke hawa kabu-kabu alhali gidanmu cike da motoci, ana ce maka warin mai ne ke tayar mata da zuciya. Ni na ƙirƙiro wannan amsar. Na ƙara shekara shida ina tsere bayan haka, sai da gwiwa da aljihu suka hana ni, ba hankali ba.

In mutane suka yabe ka a kan abin da kai ka san akwai ruɓa a cikinsa, kar ka karɓa. Yabon yana da daɗi a ranar farko, daga baya sai ya zama kai ke yi masa bauta, kana ciyar da shi da sabuwar ƙarya duk lokacin da aka tayar da zancen. Ni nawa har ɗana na ciyar da shi. Na ɗora ka a cinyata kana da shekara bakwai na ba ka bolan, wato sitiyari, na koya maka karatun eskaliye kafin ka haddace izu ɗaya. In ka yi kwana da ƙarfi mutanen gareji su ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, ni in yi ta washe baki kamar an ba ni sarauta.

Saura kuskure na ƙarshe, shi ne mafi sabo, kuma kai ma kana wurin. Bara da muka je ta'aziyya Takieta, jini ya hau mini bayan azahar na faɗi a ƙofar gidan mutane. Kai ka ɗauke ni ka kwantar a kujerar baya ka kamo hanyar Damagaram. Shekarata hamsin da ɗoriya, ranar na fara sanin bayan mota. Abba, wata duniya ce dabam. Ba ka ganin hanya, ba ka san rami na zuwa ba sai ya same ka. Duk kwanar da ka sha sai kaina ya bugi ƙofa, duk birkin da ka taka sai in ji zan gangara ƙasa, ga hannun dama ya mutu ba abin da zan riƙe da shi. Amai ya taso mini ina tsoron ya shaƙe ni. Harshena ya yi nauyi kamar an cusa mini tsumma, na tattara duk ƙarfin da ya rage na ce maka a hankali. Ka ce: "Baba, kar ka damu, mun kusa." Ko waiwayowa ba ka yi ba, ka ƙara wuta. A nan kwance na gane muryar wa nake ji, tawa ce ta dawo mini daga kujerar gaba. Na yi kuka a bayan motar nan, kai ka ɗauka ciwon ne.

Da muka isa, ana ɗora ni a kan gadon turawa, na ji ka kana gaya wa wani minti nawa ka yi daga Takieta. Ban ga laifinka ba, wa ya koya maka? Laifin da na gani nawa ne, don da na samu sauƙi ka zo ka zauna a bakin gadona kana jiran abin da zan ce, ni kuma na ce madalla, ka gaji ubanka. Ga dama Allah Ya ba ni har cikin ɗaki, na sake ta ta wuce saboda kunya.

Kar ka fahimce ni a karkace. Ban ce ka riƙa rarrafe da mai zubar jini ba. Wataƙila saurinka ne ya sa yau nake riƙe da alƙalami, wataƙila kuma da ka rage kaɗan ba abin da zai canza sai wuyata da za ta ragu. Direba ba ya sanin wannan daga inda yake zaune, abin da na ɗauki shekaru ban gane ba ke nan. Wanda ya sani yana baya. Za a haɗa ka da majo, wato ma'aikaciyar jinyar da za ta riƙa zama da mara lafiya. In ta ce taka, taka. In ta ce rage, rage, ko da kana ganin ka fi ta sanin hanya, don ita jikin mutum take kallo. Akwai ƴar taga tsakanin wajen direba da baya a irin motocin nan, na sayar da biyu na sani. Direbobi suna rufe ta saboda wari da nishi. Kar ka rufe ta, kar ka kunna rediyo. Agogonka kuwa ka sa shi a aljihu in ka ɗauki mutum, majo tana da nata.

Abu ɗaya nake roƙon ka, ban taɓa roƙon ka komai ba. Ranar da ka isa, kafin a kwantar maka da kowa, ka nemi wani ya ja motar, kai ka hau gadon baya ka kwanta rigingine, ka sa a ɗaure ka yadda ake ɗaure mara lafiya. A bi da kai hanyar da za ka riƙa bi, da eskaliyenta da radiyenta, da irin gudun da kake ganin shi ne daidai. Za su yi maka dariya, su ce sabon direba ya zo da taɓin hankali. Bar su su yi. Kyari ya yi mini wannan tayin kyauta na ƙi, ka ga inda na je na biya.

Na gaji, Abba. Filin da ka sani cike da motoci yanzu uku ne a ciki, su ma ƙura ce ke hawansu. Abokan tseren rabi suna ƙasa, sauran muna haɗuwa a layin awon jini muna tambayar juna gwiwa. Ban damu da wannan ba, kowa ya yi zamaninsa. Abin da ban so ba shi ne in mutu in bar ka da labarin da na san ƙarya ne, kana ɗaukar ƴaƴan mutane da shi.

Da na kawo nan na tsaya, na kira uwarka na karanta mata tun daga sallama, don ba na son in aika maka da abin da ya shafe ta ba da saninta ba. Ta zauna a bakin gado tana tsinke zogale, ba ta ɗago ba har na gama. Na tambaye ta ko akwai abin da zan cire. Ta ce babu. Na ce ko akwai inda na yi kuskure. Ta ce wuri ɗaya ne, inda na rubuta cewa sau biyu ta ce mini a hankali.

"Sau biyu ka ji," in ji ta. "Ni tun daga ƙofar gidanmu nake faɗa har muryata ta ƙare."

Ban goge abin da na rubuta a sama ba, na bar maka shi yadda yake don ka ga iyakar abin da ke isowa kujerar gaba.

Allah Ya kai ka lafiya, Ya sa ka fara a sa'a. Allah Ya buɗe kunnenka ga na bayanka, Ya sa duk wanda aka kwantar maka ya sauka da ransa da mutuncinsa, kai ma Ya dawo mana da kai da ƙafafunka. Uwarka tana gaishe ka, ta ce ƙullin da ke cikin jakarka yaji ne da kuka, kar ka bari su jiƙe. Ni kuma ka yafe mini.

Wassalam.

Mahaifinka,
Sani